Kafin ka zaɓi manhajar kwaikwayon tsari, duba yadda take tafiyar da sharaɗi da maimaici

Duk mai gina kwaikwayon wani tsari a kwamfuta, ko layin motoci ne a gidan mai ko tankin ruwa da injin da ke cika shi, abu biyu zai yi ta rubutawa: sharaɗi, wato "in kaza ta faru a yi kaza", da maimaici, wato "a ci gaba da kaza har sai kaza". Kowace manhaja tana da su. Inda suka sha bamban shi ne yadda biyun nan ke hulɗa da agogon cikin kwaikwayon, kuma nan ya kamata mai saye ya sa ido, ba kan kyan hotunan talla ba.

Mu ɗauki gidan man. Motoci na ta shigowa, direban da ya tarar da layi ya haura mota goma sai ya juya. A Arena, ta kamfanin Rockwell Automation, inda ake zana tsarin a allo da akwatuna da zaruruwan da ke haɗa su, akwati ɗaya mai suna Decide ke ɗaukar wannan sharaɗin, maimaici kuwa sau da yawa zare kawai za ka ja ya koma baya. Abin da sauƙin nuna wa shugaban da bai san rubutun kwamfuta ba. Amma da sharuɗɗa sun fara shiga cikin juna, allon ya cika da zaruruwa har ka rasa inda ka faro. A Windows kaɗai take aiki, kuma sigar ɗalibai tana da iyakar girman aiki. AnyLogic, wadda ta fito a 2000, tana da irin wannan akwati, SelectOutput, sai dai ƙarƙashinta harshen rubutun kwamfuta na Java ne, don haka if na sharaɗi, da for da while na maimaici, duk suna hannunka idan akwatuna sun gaza. Akwai sigar koyo ta kyauta, amma lasisin kasuwanci da kuɗin waje ake biya, wanda ga mai samu da naira ba ƙaramin lissafi ba ne.

Ni dai, ga wanda ya ɗan iya harshen Python, SimPy zan fara nuna masa. Kyauta ce, ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta, kuma sharaɗi da maimaicinta na Python ne zalla. Tarkonta ɗaya: agogo ba ya motsi sai an iso yield, umarnin da ke sa shirin ya dakata ya jira. Ka rubuta while True, wato maimaici marar ƙarshe, babu yield a ciki, shirin zai yi ta juyi a daƙiƙa guda ta agogon kwaikwayon har batirinka ya ƙare. Ba ta zo da zane mai motsi ba, jadawalin sakamako ma kai za ka haɗa.

NetLogo, wadda Uri Wilensky ya fitar a 1999, ta fi dacewa da tsarin da ɗaiɗaikun mutane ko dabbobi ke yanke shawara, kamar yaɗuwar cuta a unguwa. Tana da ifelse da repeat da while, amma ainihin maimaicinta shi ne ask, wanda ke bin kowane ɗaya ya ba shi umarni. Jerin da yake bi a hargitse yake kowane zagaye, da gangan, don kada wani ya riƙa samun fifikon zama na farko.

Tankin ruwa kuma wani labari ne, nan harshen Modelica ke shigowa. Lissafin daidaito, wato equation, ake rubutawa a cikinsa, ba jerin umarni ba, shi ya sa wanda ya saba da Python ke tuntuɓe. A sashen equation, for ba ya zagayawa yayin da lokaci ke tafiya, ƙirƙiro daidaito masu yawa yake yi tun kafin a fara, while kuwa sai a sashen algorithm, inda ake rubuta jerin umarni. Sannan ga bambancin if da when: na farko yana aiki muddin sharaɗin na nan, na biyu sau ɗaya yake tashi, daidai lokacin da sharaɗin ya tabbata. Ka kunna injin da if a kan ma'auni ɗaya, zai yi ta kunnuwa da mutuwa a bakin ma'aunin har kwaikwayon ya kusa tsayawa. Da when da ma'auni biyu, na kunnawa da na kashewa, matsalar ta kau. A manhajojin da ke aiki da Modelica, OpenModelica kyauta ce, Dymola ta Dassault Systèmes ta kuɗi ce, harshen ɗaya ne, saboda haka fara da ta kyautar.

Vensim tana da IF THEN ELSE, amma maimaicinta shi ne tafiyar agogon kanta, taki bayan taki. Ta yi wa lissafin yawan jama'a ko hatsi a rumbu, ba ta yi wa layin motoci ba.

Kafin ka biya ko kwabo, ɗauko sharaɗi mafi sarƙaƙiya a aikinka, ka gina shi kaɗai a sigar kyauta, ka sauya iyakarsa daga goma zuwa sha biyar, ka ga wurare nawa sai ka taɓa kafin sakamako ya fito daidai.