GARGAƊI: Mai sayar da lalle da sunan kirep matil

Jama'ar Sakkwato, masu shuka itatuwan ado a gida, ku yi hattara da wani mai tallar dashen kirep matil a Facebook da WhatsApp. N115,000 ya ci mini. Dashe 12 a kan N8,500 kowanne, N102,000 ke nan, da N13,000 kuɗin mota. Kuɗin ma ba nawa ba ne, na mai gidan da nake yi wa aikin shuka a Arkilla ne.

Ga wanda bai san icen ba, shi ne Lagerstroemia indica, asalinsa ƙasar Sin da maƙwabtanta. Furensa ja ne ko ruwan hoda ko shunayya ko fari, a yamutse kamar an cukuikuye takarda, ɓawonsa kuma yana saɓulewa ya bar jikin icen sumul.

Kada wani ya ce mini gaggawa na yi. Na tambaye shi, ya amsa daidai. Shi ne ma ya fara tambayata: "Alhaji, wurin da za ka dasa awa nawa yake samun rana? In bai kai awa 6 ba kada ka saya, ba zai yi fure ba." Wa zai ji wannan ya ce ɓarawo ne? Mai neman kuɗinka yana ce maka kada ka saya! Wallahi maganar nan ce ta ɗaure ni. "Alhaji, kada ka saya." Ina ajiye waya na tura N115,000, ko rabi ban riƙe ba.

Kaya suka iso tasha cikin baƙaƙen ledoji. Bakwai lalle ne. Lalle, wanda matanmu ke ƙunshi da shi. Masu dariya su sani, dangi ɗaya ne da kirep matil, har da rumman, kuma suna ƙanana ganyensu ƙanana ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, sabon reshen kowanne yana da kusurwa huɗu. A hoto ba za ka raba su ba. A hannu ne ake ganewa: ganyen lalle ya fi siranta da tsini, in ka murje shi da ɗan ruwa a yatsa ka bar shi zai bar maka launi, tsohon reshensa kuma yakan ƙare da tsini kamar ƙaya. Na kirep matil ya fi zagaye, ya kusa manne da reshe, ba ya rina hannu. Ban murza ba sai bayan mako uku, wannan kam na yarda.

A'a, kafin nan ma sauran biyar ɗin suka fara zubar da ganye, tun kwana huɗu da dasawa. Su kirep matil ne na gaskiya, amma rassa ne aka yanko aka cusa a leda, babu saiwa ko ɗaya. Reshen da aka yanka yana buƙatar makonni a inuwa da danshi kafin ya yi saiwa, ba a fitar da shi rana. Na lura ƙasar ledar tana wargajewa ranar dasawa, na kira shi, ya ce jijjigar mota ce. Dashe mai saiwa, in ka yaga ledar, ƙasar takan fito a dunƙule da fararen jijiyoyi sun zagaye ta. Na san haka sarai, amma "Alhaji, kada ka saya" tana kaina.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayanin kulawa da yake turo wa masu saye, tun ranar da na biya ya turo. Wai a haƙa rami mai zurfi a binne har rabin kara, a zuba cikin hannu na takin NPK a gindin ramin, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Duk hanyar kashe dashe ce, don in ya mutu a ce laifinka ne. Ramin kirep matil faɗi ake ba shi, ninki biyu zuwa uku na dunƙulen saiwar, zurfinsa kuma daidai tsayin dunƙulen, wuyan icen yana daidai da fuskar ƙasa. In ka binne kara ruɓewa yake. Takin zamani a jikin sabuwar saiwa ƙona ta yake, balle a zafinmu da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Rubabben takin gargajiya kaɗan a sama ya isa. Ruwa kuma ba yayyafi ba, a yi wa gindin ɗan kwano a zuba bokiti guda ya nutse, kullum a makon farko tunda ƙasarmu rairayi ce, sannan a koma sau biyu zuwa uku a mako gwargwadon yadda ƙasar ta bushe. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa kaurin yatsa uku, a bar tazara tsakaninta da kara saboda gara. Ni haka na yi, ban bi nasa ba, don haka kada ya ce ni na kashe su.

Da na yi masa maganar ganye, sai ya ce, "Haba Alhaji, ai icen nan yana zubar da ganye, ka ba shi wata guda." Gaskiya ne yana zubarwa, amma lokacin hunturu. Wannan a watan Yuli ne, tsakiyar damina, lokacin da ya kamata yana tofo. Na kankare ɓawon da farce, babu kore a ciki, ya bushe ƙayau. Wata gudan nan da ya nema, na tserewa ne. Yanzu lambar a kashe take, shafin ya canja suna, hotunan dai su ne, har da wanda ya ce gonarsa ce.

N115,000. Na tsaya gaban mai gida ina nuna masa lalle bakwai a jere bakin katangarsa.

Hotunan hirarmu, da shaidar tura kuɗin, da hoton rassan da na tuge babu saiwa, duk suna wayata, zan ɗora su da dare in sha Allahu. Wanda ya taɓa faɗawa hannun wanga mutum ya yi magana.

Kada ku biya sai kun ga kaya. A yaga leda ɗaya a gabanku, ku ga saiwa, ku murji ganye.