Faifan Parasomnia na Dream Theater: ganguna sun dawo da rai, amma an danne jitar bes

Mu da ke sauraron kiɗan metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarfin jita da ganguna, a garin Bauchi ba mu da yawa, kuma galibinmu mun san juna ne tun muna ɗalibai a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda muka riƙa tura wa juna waƙoƙin ƙungiyar Dream Theater ta waya. Saboda haka da ƙungiyar ta fitar da faifanta na 16, mai suna Parasomnia, a ranar 7 ga Fabrairu 2025, ba a yi mako guda ba sai da kowa ya saurare shi, kuma har yau muhawarar da ya tayar a tsakaninmu ba ta lafa ba.

Ƙungiyar ta samo asali ne a 1985 a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston a Amurka, kuma an san ta da dogayen waƙoƙi masu nauyin jita, waɗanda takunsu ke sauyawa sau da yawa kafin a kai ƙarshe. Abin da ya sa aka ƙosa a ji wannan faifai shi ne dawowar makaɗin ganguna Mike Portnoy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, wanda ya bar ta a 2010 ya kuma dawo a watan Oktoba na 2023. Rabon da a ji hannunsa a sabon faifan ƙungiyar tun 2009.

A kan gangunan ne muka fi rabuwa. Wasu daga cikinmu suna ganin ba a yi wa Mike Mangini adalci ba, domin shi ya riƙe wurin Portnoy a kan ganguna tsawon shekarun da ba ya nan, kuma a zamaninsa ne ƙungiyar ta sami lambar yabo ta Grammy a 2022. Ba na musun ƙwarewarsa ko kaɗan, sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kalangu a wurin biki ya san bambancin makaɗin da ba ya kuskure da makaɗin da gangarsa ke magana. Portnoy yana jan kiɗan, yana sassauta shi, yana amsa wa jita kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa mawaƙi, kuma tun daga waƙar farko, wadda babu murya a cikinta, mutum zai ji cewa mutane ne suka zauna a ɗaki ɗaya suna sauraron juna. Wannan rai shi ne babban abin da faifan ya zo da shi, kuma saboda shi nake yawan komawa kansa.

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen haɗa sauti. Mai jita John Petrucci ne ya jagoranci aikin situdiyo, Andy Sneap ɗan Ingila kuma ya daidaita sautin, kamar yadda ya yi a faifansu na 2021. Sun tura jita da ganguna gaba sosai, sautin ya fito tas babu ƙura, amma jitar bes ta John Myung, wadda ke ba da sauti mai kauri na ƙasa, ta shige ƙarƙashinsu har sai an kasa kunne kafin a gano ta. Na gwada faifan da ƙaramin iyafis irin wanda ake sayarwa a kasuwar Wunti, na gwada shi a lasifikar mota a kan hanyar Jos, sannan na ari babban abin saurare mai rufe kunne daga wani abokina da ke aiki a situdiyo. A na ukun ne kaɗai na ji aikin da Myung yake yi a ƙasa, aiki mai yawa kuwa, wanda bai kamata a ce sai mai kayan tsada ne zai more shi ba. Abokin nawa yana ganin tsaftar sautin ta cancanci wannan sadaukarwa, ni kuma ban yarda ba. Wanda zai sauke faifan a waya ya daure ya zaɓi inganci mafi girma ko da zai ci data, domin idan aka matse shi, ƙarar farantan ƙarfe na ganguna takan koma kamar ruwan sama a kan kwano.

Muryar mawaƙin ƙungiyar, James LaBrie, ba ta kai tsayin da take kaiwa a da ba, kuma an yi hikima da aka rubuta masa waƙoƙin da suka dace da inda take yanzu. Ga kunnen da ya saba da waƙoƙinmu na fiyano, inda murya ke zaune a saman komai, zai ɗauki lokaci kafin ya karɓi muryar da ke tsakiyar kayan kiɗa.

Jigon faifan shi ne matsalolin barci, wato mugun mafarki da tafiya cikin barci da abin da muke kira dannau. Waƙar ƙarshe, The Shadow Man Incident, ta kusa minti 20, kuma wanda dannau ya taɓa dannewa, ya farka yana ganin inuwa a bakin ƙofa amma ya kasa motsa ko yatsa, zai gane nauyin da kiɗan ke ɗora wa ƙirji a farkonta. Masu cewa ƙungiyar ta maimaita tsofaffin dabarunta a nan suna da gaskiya, domin akwai wuraren da na san inda za a juya tun kafin a juya.

Waƙoƙi 8 ne, tsawonsu ya ɗan haura minti 70. Tsohon masoyin ƙungiyar zai sami abin da ya daɗe yana kewa, shi kuwa sabon shiga ina ba shi shawarar ya fara da Bend the Clock, wadda ta fi sauran laushi, kafin ya tunkari doguwar ta ƙarshe da dare, da abin saurare mai kyau.