Yaro mai wuyar sa bututu: wace na'ura za a fara saya wa ɗakin tiyata?

Jariri ba ya ba ka lokaci idan za a sa masa bututun numfashi a maƙogwaro. Harshensa babba ne, maƙogwaronsa na can sama, kuma jikinsa na cin oksijin ninki biyu na babba in aka auna da nauyi. Ka tsaya lalube kaɗan, sai ka ga leɓe ya fara baƙi. Balle a ce mai ƙaramin muƙamuƙi ne, irin masu larurar Pierre Robin.

In kuɗin bai kai ba, a fara da LMA, robar nan da ke zama a bakin maƙogwaro, wadda Archie Brain ya ƙirƙiro a Ingila. Ba ta da kwarjini, amma ita ke ceto idan bututu ya ƙi shiga. A sayi kowace lamba: 1 ga ɗan ƙasa da kilo 5, 1.5 zuwa kilo 10, 2 zuwa kilo 20. Wanda ya ajiye lamba 2 kaɗai, me zai yi ran da aka kawo masa ɗan sati biyu?

Sai laringoskof mai kyamara, wato na'urar leƙa maƙogwaro don sa bututu, kuma a nan ne dillali ke da zaƙin baki. Amfaninsa ba abin musu ba ne. Rahoton 2016 na PeDI, rajistar yara masu wuyar sa bututu, ya nuna a irin waɗannan yaran, laringoskof na gargajiya ya ci nasara a gwajin farko kashi 3 cikin ɗari kacal, mai kyamara kuwa kashi 55. Amma ko a cikin masu kyamarar, samfurin GlideScope da na C-MAC ba hali ɗaya ba. Harshen GlideScope da aka fi sani, wato ɓangaren da ke shiga baki, a lanƙwashe yake sosai: ga ƙofar maƙogwaro sarai a allo, ga bututu yana ta dungurar gefe, sai an tanƙwara shi da waya tukuna. C-MAC yana da harshen Miller miƙaƙƙe, wanda hannu ya riga ya saba da shi, shi ya sa ni na fi karkata gare shi a jarirai. Kafin ka sa hannu a takarda, ka ce a nuna maka harshe mafi ƙanƙanta, ka kuma tambayi kuɗin harsunan da ake yarwa bayan amfani sau ɗaya, don can ne kuɗi ke zurarewa.

Siririyar kyamara mai lanƙwasa ita ce mafita idan baki ba ya buɗuwa. Sai dai saurin karyewa gare ta, jini ko majina kaɗan sun rufe mata ido, mai kaurin milimita 2.2 ma ba ta da kafar zuƙe ruwa. In babu mai riƙe ta a kai a kai, a bar ta sai ƙarshe.