Firam ɗin Aethos da ƙafafun Alpinist bayan shekara biyu a hanyoyin tsauni

Ranar da na je karɓar firam ɗin a wani ƙaramin shagon kekuna da ke birnin Grenoble na ƙasar Faransa, mai shagon bai ce mini komai ba sai da ya zare shi daga kwali ya ɗora mini a kan yatsu biyu. Wanda ya tashi yana tura Raleigh ko Phoenix, irin kekunan da ake ɗora wa buhun masara su wuce ba gargada, dole hannunsa ya yi mamakin abin da aka ɗora masa, domin gangar jikin keke ce sukutum amma nauyinta bai fi na ƙaramar gorar ruwa cike ba. Kamfanin Specialized na Amurka, mai hedikwata a Morgan Hill da ke jihar Kalifoniya, ya fito da Aethos a watan Oktoba na 2020, ya kuma ce firam ɗin samfurinsa mafi daraja, wato S-Works, mai lambar girma 56, giram 585 ne idan an yi masa fenti mafi sauƙi. Nawa ya ɗara haka kaɗan a kan sikelin shagon, abin da ba ya rasa nasaba da kalar da na zaɓa, domin shi kansa fenti yana da nauyinsa.

Rashin nauyin ne ke jawo mutane, amma ni abin da ya sa na fitar da kuɗina shi ne yadda aka ƙera shi ba tare da wahalar da mai shi ba. A daidai lokacin da kusan kowane babban kamfani ke murɗa bututun firam zuwa siffar fiffike, yana cusa igiyoyin birki ta cikin wuyan keke har sai an kwance rabin gaba kafin a sauya boris guda, Aethos ya zo da bututu kusan zagayayyu, da sandar sirdi zagayayya mai faɗin milimita 27.2 wadda ake samun irinta a ko'ina, da gidan boris na feda mai zare wanda ake ɗaurewa da sifana maimakon wanda ake dannawa da ƙarfi. Igiyoyin birki suna fitowa daga kan keken a fili kafin su shige cikin firam, saboda haka idan mutum yana son ɗaga kan ko sauke shi, ko ya sauya tsawon wuyan, aiki ne na 'yan mintoci. Na sauya wuyan sau biyu a watannin farko kafin kafaɗuna su daina ciwo, kuma da a ce keken na zamani ne mai haɗaɗɗen kai da wuya, da kowane gwaji ya ci kuɗin da zai sa in haƙura in ci gaba da hawa cikin ƙunci.

A nan ne nake ganin masu saye suka fi yin kuskure. Suna fara tambayar giram nawa, alhali tambayar farko ita ce ko firam ɗin ya dace da tsawon ƙafarsu da na bayansu. Aethos na farko ya ɗauki ma'aunin Tarmac SL7, keken tseren kamfanin na lokacin, wato keken tsere ne mai ƙasa-ƙasan gaba, kuma wanda bayansa ba ya jure sunkuyo na tsawon sa'o'i huɗu ba zai ji daɗinsa ba komai rashin nauyinsa. Akwai kuma sharuɗɗa biyu da ya kamata a sani tun kafin a biya: birkin faifai kaɗai yake karɓa, sannan samfurin S-Works ba shi da hanyar wayar giya, sai giyar lantarki. Samfurin da ke ƙasa da shi, wanda aka yi da kabon (zare mai ƙarfi mara nauyi da ake ƙera firam da shi) mai daraja ta biyu, giram 699 ne, kuma da zan sake saye a yau da na tsaya na yi dogon tunani a kansa, domin tazarar giram ɗari da 'yan kai ce kawai tsakaninsu, tazarar kuɗi kuwa ta isa sayen ƙafafu masu kyau.

A kan hanya, abin da ya fi burge ni ba a hawa ba ne, a gangare ne. Na yi zaton firam mai wannan sauƙin zai riƙa rawa idan gudu ya yi yawa, sai na tarar yana bin kwana yadda aka nuna masa, ba ya kaɗuwa ko da an taka birki da ƙarfi dab da lanƙwasa. A hawa kuma, musamman idan mutum ya miƙe tsaye a kan feda, keken yana kaɗawa dama da hagu a ƙarƙashinsa kamar babu komai a wurin. Inda yake nuna iyakarsa shi ne shimfiɗaɗɗiyar hanya mai iska. Idan muka fita da abokan hawa masu kekunan da aka siffanta domin yanka iska, gudu ya haura kilomita 35 a sa'a, ina jin cewa ina biyan wani abu da su ba sa biya. Wannan ba aibi ba ne da aka ɓoye, domin kamfanin tun farko bai ce ya yi keken domin cin tsere ba, kuma cikakken keken S-Works da suka sayar ya gaza kilo 6.8, wanda shi ne mafi ƙarancin nauyin da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yarda da shi tun shekarar 2000.

Ya dace a yi lissafin abin da rashin nauyi ke sayo wa mutum, domin lissafin ba shi da wuya. Hawan Alpe d'Huez, wanda ba shi da nisa da Grenoble, kilomita 13.8 ne mai kwana 21, kuma ana ɗagawa sama kimanin mita 1,100. Idan mahayi da kekensa da ruwansa sun kai kilo 80, rage kilo ɗaya ya rage kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari na nauyin da ake ɗagawa, wato ga wanda ke ɗaukar sa'a guda a hawan, abin da zai samu bai kai minti ɗaya ba. Kilo guda cur ke nan. Giram hamsin da ake biyan kuɗi mai yawa domin a rage a sirdi ko a noti, daƙiƙa biyu ne ko uku a tsawon tsaunin gaba ɗaya. Ban faɗi haka domin in rage wa keke mara nauyi daraja ba, daɗin hawansa gaskiya ne kuma ina jin sa kullum, sai dai wanda ya san wannan lissafin zai san inda ya kamata kuɗinsa su tafi.

Wurin da ya kamata su tafi, bayan firam, shi ne ƙafafu da tayoyi. Na ɗaura ƙafafun Roval Alpinist CLX II, masu zurfin gargare milimita 33, waɗanda aka ce nauyin biyun giram 1,265 ne. Na farkon da suka fito a 2020 sun ɗan fi su sauƙi, giram 1,248, amma ba a amince a hau su ba tare da tib ba, kuma wannan ne aka gyara a 2022. Abubuwa biyu suka sa na zaɓe su a kan ƙafafu masu zurfi irin Rapide, wanda gabansa milimita 51 ne bayansa 60. Na farko iskar gefe ce. A gangaren tsauni iska takan fito daga bayan dutse ba sallama, kuma ƙafar gaba mai zurfi takan karɓe ta kamar faifai ta fizgi kan keken, alhali mai milimita 33 ba ta cika kulawa ba. Na biyu kuma kayan cikin cibiyar ƙafar na kamfanin DT Swiss ne, waɗanda ake iya buɗewa da hannu a goge a shafa man giris a mayar, kuma kusan duk mai gyaran keken tsere ya san su. Bakin gargaren yana da ƙugiya da ke riƙe taya, abin da na ɗauka da muhimmanci, domin gargare mara ƙugiya yana da iyakar iskar da ake bugawa, ba ya wuce ma'aunin bar 5, kuma ba kowace taya aka yarda a ɗaura masa ba.

Ana yawan cewa giram ɗaya a ƙafa ya fi giram biyu a firam. Maganar tana da tushe ne kawai a lokacin da ake ƙara gudu, kamar fitowa daga kwana ko tashi daga tsaye, amma a hawa mai tafiya ɗaya nauyi nauyi ne ko ina yake. Abin da ya fi sauya mini keken shi ne taya. Na fara da mai faɗin milimita 26, na koma Continental Grand Prix 5000 mai milimita 28, na rage iska, sai girgizar kwalta ta ragu kuma gudun bai ragu ba. Firam ɗin yana karɓar har milimita 32, kuma ga wanda zai kai keken gida ya hau hanyoyin da kwaltarsu ta farfashe, wannan sararin ya fi masa amfani a kan duk wani giram da aka rage. Tib kuma na sauya daga baƙar roba ta gargajiya, mai kusan giram ɗari, zuwa siririyar nan ta TPU, wata roba mai kama da leda, wadda ba ta kai rabin haka ba. A duk keken babu inda na rage nauyi da kuɗi kaɗan kamar nan, sai dai tana son hannu mai taushi wajen sawa, domin idan ta maƙale tsakanin taya da gargare ta tafi ke nan.

Giya ba ta ba ni wahalar zaɓe ba. Kamfanin Shimano ya fito da kayan giyarsa na Dura-Ace R9200 da Ultegra R8100 tare a 2021, dukansu masu giya 12 a baya, kuma a yatsa ban iya bambance sauyin giyarsu ba. Tazarar nauyinsu ba ta kai giram 300 ba. Na ɗauki Ultegra, da faranti masu haƙora 50 da 34 a gaba, da 11 zuwa 34 a baya, domin a kilomita na goma na tsauni giya mai sauƙi ta fi kowane ƙarfe mai tsada amfani ga gwiwa.

Inda na yi asara shi ne ƙananan kaya. Na sayi sandar sirdi daga wani ƙaramin kamfani mai yin kayan kabon marasa nauyi ƙwarai, kuma tun makon farko ta riƙa zamewa ƙasa a hankali, sai in dawo gida in tarar sirdin ya sauka da kusan faɗin yatsa. Na ƙara ɗaure notin fiye da abin da aka rubuta a jikinta, kuma wata safiya ina goge keken na ga wani siririn layi kamar gashi a daidai inda maɗaurin ya kama. Mai shagon ya bi layin da farcensa, ya ce kada in sake hawanta ko zuwa bakin titi, ya kuma nuna mini cewa da na shafa man nan mai ɗan yashi da ake yi domin kabon, da ta kama ba tare da an matse ta ba. Tun daga ranar ba na taɓa noti a keken sai da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, kuma ina karanta iyakar nauyin mahayi da ake rubutawa a irin waɗannan kaya kafin in saya, musamman kan keke da wuyansa, waɗanda karyewarsu a gangare ba ta barin mutum ya gyara kuskure. Na koma sandar Roval da ta zo da firam ɗin, wadda ta fi waccan nauyi kaɗan, kuma ba ta taɓa motsi ba.

Yadda keken yake a yau, da feda da mariƙin gora biyu, kilo 6.6 ne a sikelin shagon. Ina ba da shawararsa ga wanda tsauni ne abincinsa, mai son keken da zai iya kwancewa ya ɗaure da kansa, wanda kuma ya riga ya gwada ma'aunin ya ga bayansa ya amince. Mai tseren fili ya nemi Tarmac SL8, wanda ya fito a 2023 da firam mai giram 685 da siffar yanka iska. Ni kuwa abin da ya rage mini shi ne idan waɗannan tayoyin suka cinye in gwada masu milimita 30 kafin sanyi ya rufe hanyoyin sama.