ART X na Legas ko Dak'Art na Dakar: wanne ya dace da mai zane daga ƙauye?

Ƙanena, na ga tambayar da ka yi a zaure. Ka ce kana zaune a wani ƙauye ta wajen Ringim, kana zayyana a kan allo da kan yadin da ka rina da baba, bana ka sayar da riɗinka ka ware 'yan kuɗi, kana so ka san inda za ka nufa da aikinka: ART X na Legas ko Dak'Art na ƙasar Senegal, tunda ka ji an ce a nan ne sababbin masu zane ke fitowa duniya ta san su. Duka biyun suna fito da sababbin hannu, gaskiya ne, amma ƙofar shigarsu daban take, kuma abin da mutum yake dawowa da shi gida ma daban ne.

ART X kasuwar baje kolin zane ce. Tokini Peterside ce ta kafa ta a 2016, ana cin ta sau ɗaya a shekara a farkon Nuwamba, kwanaki kaɗan, a unguwar Victoria Island. Da can a Civic Centre ake yi, daga baya ta koma otal ɗin Federal Palace. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, mai zane ba ya kama rumfa da kansa a irin wannan kasuwa. Gidajen sayar da zane, waɗanda ake ce wa galari, su ne ke neman rumfa, masu kasuwar su tantance su, su biya kuɗin haya mai tsada, sannan kowane gida ya zo da ayyukan mutanen da yake wakilta. Ka san yadda ake yi a karar Maigatari ranar Alhamis: ko da sanka ya fi na kowa ƙiba, sai ka bi ta hannun dillali, shi ya san mai saye, shi yake tsayawa a ciniki, shi kuma yake cire la'adarsa. To, galari shi ne dillalin, sai dai la'adarsa ta yi wa ta kara nisa, don a al'adar wannan sana'a rabin kuɗin aikin yake ɗauka. Kada ka ɗauka zalunci ne tsantsa. Cikin rabin nan ne yake biyan rumfa, da dakon kaya, da inshora, da firam, da albashin ma'aikata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Wannan tsarin ba na Legas kaɗai ba ne. Haka ake yi a Art Basel na Suwizalan tun 1970, haka ake yi a Frieze na Landan, haka kuma a 1-54, kasuwar da Touria El Glaoui 'yar Maroko ta buɗe a Landan a 2013 don zanen Afirka, wadda daga baya ta yi rassa a New York da Marrakesh. Saboda haka idan ka naɗe yadinka ka hau mota ka isa ƙofar Federal Palace, tikitin kallo za a sayar maka, ba za a ba ka bangon ratayewa ba.

Dak'Art kuwa babban bikin nunin zane ne a birnin Dakar, gwamnatin Senegal ce ke shirya shi ta hannun ma'aikatar al'adu, duk bayan shekara biyu. An fara shi a 1990 da adabi, zane ya shigo a 1992, daga 1996 aka mayar da hankali kan fasahar Afirka ta zamani. Wata guda cur ake yi ana nuni. A nan babu ruwansu da ko kana da galari ko ba ka da shi. Ana fitar da sanarwa, mai zane ɗan Afirka, na gida ko na ƙetare, ya aika da hotunan ayyukansa da bayaninsu, kwamiti da daraktan bikin na wannan karon su zauna su zaɓa. A 2024 Salimata Diop ce ta riƙe wannan kujera. Waɗanda aka zaɓa, kusan mutum sittin a bukukuwan baya-bayan nan, su ne ke nuna ayyukansu a babban nuni a tsohon ginin kotu da ke Cap Manuel, kuma a cikinsu ake fitar da wanda zai karɓi babbar kyauta mai sunan Léopold Sédar Senghor, shugaban Senegal na farko. Ba a liƙa farashi a jikin aiki a can. Abin da ake nema shi ne ido: masu tsara nune-nune na manyan gidajen tarihi, da marubuta, da su kansu masu galarin da kake nema, duk suna sauka Dakar a makon buɗewa suna neman sabon hannu.

Mutum sittin daga nahiya guda da 'ya'yanta na waje, ka ga ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Amma Dakar tana da ƙofa ta biyu wadda Legas ba ta da irinta, wato abin da suke kira OFF. A watan bikin, ɗaruruwan ƙananan nune-nune ke buɗewa a gefe, a gidajen mutane, da otal-otal, da makarantu, da gidajen abinci, har tsibirin Gorée da garin Saint-Louis. Wanda ya samu wuri ya yi rajista, sunansa ya shiga littafin jagora da baƙi ke yawo da shi a hannu. Kai za ka nemi wurin, kai za ka ɗauki nauyin kanka da kayanka, kuma a nan kana iya sayarwa idan ka yi dace da mai so. Masu zane huɗu ko biyar daga Kano da Jigawa da Zariya za su iya haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya su rataye ayyukansu da sunan arewacin Najeriya. Ni wannan ne burin da ya fi zauna mini a rai, don duk lokacin da aka yi maganar zanen Najeriya a waje, Legas da Nsukka da Benin ake ji, alhali a Zariya ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai a 1958, wadda ta sauya wa zanen ƙasar nan alƙibla.

Yanzu ga irin aikinka. Kasuwa tana son abin da mai kuɗi zai gani ya so nan take, ya kai gida ya rataye a falo. A shekarun nan zanen fuskokin mutane da fenti mai haske ya yi tashe a kasuwannin zanen Afirka, har yara da yawa suka bar abin da suka iya suka bi yayi. Na san wasu daga cikinmu suna ja da baya da wannan fanni gaba ɗaya saboda batun zana abu mai rai. Aikinka bai shiga wannan taƙaddama ba, kuma yana da magabata masu girma. Abdoulaye Konaté na Mali da yankakkun ƙyallayen shadda rinanna yake haɗa manyan ayyukansa, kuma shi ya ci kyautar Senghor a Dak'Art na 1996. Aboubakar Fofana, shi ma ɗan Mali, da baba yake aiki, irin wanda marinanmu na Kura da Ƙofar Mata suka sani, kuma an gayyace shi babban nunin documenta na Jamus a 2017. Ibrahim El-Salahi na Sudan ɗan malamin allo ne, daga rubutun da ya tashi yana gani a makarantar mahaifinsa ya ciro salonsa, kuma gidan Tate Modern na Landan ya yi masa nuni na musamman a 2013. Aiki irin wannan yana buƙatar mai kallo ya tsaya, ya karanta bayani, ya yi tambaya. Wata guda na Dakar ya fi ba da wannan sarari a kan 'yan kwanakin Legas, inda mai rumfa yake da haya a wuyansa, yana so ya sayar kafin a tashi.

Wata shawara a nan, tunda da allo kake aiki. Abin da za ka fitar kasuwa ko nuni, ka bar shi a zayyana zalla, kada ka sa aya a ciki. Da zarar aiki ya bar hannunka ba ka da iko da inda za a jingine shi, ko wanda zai taɓa shi, ko abin da ake sha a ɗakin da aka rataye shi. Ka zauna da malaminka ku yi wannan magana tun kafin wani mai saye ya zo ya ce da rubutun yake so.

Ta fuskar tafiya, Legas ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Motar dare daga Sabon Gari za ta kai ka, da naira za ka yi komai, kuma ba za ka rasa wurin kwana a wajen 'yan'uwa a Obalende ko Idi-Araba ko Agege ba. Lokacin ma ya yi maka daidai: Nuwamba kaka ce, amfani ya shigo gida, akwai ɗan abu a aljihu. Dak'Art bisa al'ada a watan Mayu zuwa Yuni ya riƙa faɗowa a shekarun baya, daidai lokacin da kake sharar gona kana jiran ruwan shuka, kuma kuɗin bara sun ƙare. Ranarsa ma tana iya motsawa: na 2020 annobar korona ta hana, na 2024 kuma an ɗaga shi daga Mayu zuwa Nuwamba ana saura 'yan makonni a buɗe, bayan mutane da yawa sun riga sun yi shiri. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Senegal saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma sai da fasfo da katin rigakafin shawara. Ka bi ta jirgi daga Legas. Hanyar ƙasa ta Nijar da Burkina Faso da Mali tana fama da rashin tsaro, kuma ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A Senegal sefa suke kashewa, Faransanci da Wolof suke ji, kodayake idan kana jin Fillanci za ka samu masu Pulaar da za ku ɗan fahimci juna. Senegal ba baƙuwar ƙasa ba ce a wurin mutanenmu. Duk shekara ana zuwa maulidi Kaulaha, kuma a garinku ko maƙwabta ba za ka rasa wanda ya taɓa zuwa ba, wanda zai haɗa ka da masauki.

To wanne ke nan? Da ni ne kai, Dakar zan sa a gaba a matsayin inda nake so aikina ya tsaya, amma ta Legas zan bi, kuma kuɗin riɗin bana ba zan taɓa su don jirgi ba. Ka je ART X a matsayin ɗan kallo. Ka zagaya rumfa-rumfa, ka ga girman ayyukan, da yadda ake ɗaure yadi a firam, da yadda ake rubuta bayani a gefe, ka lura da gidan da yake nuna aikin ƙyalle ko rini, ka karɓi katinsu. Kada ka buɗe wayarka kana nuna wa mai rumfa hotuna yana tsakiyar ciniki. Ka bari a tashi daga kasuwa, bayan mako biyu ka aika masa saƙo a natse.

Legas ɗin ma tana da ƙananan ƙofofi da ba sa buƙatar dillali. ART X da bankin Access sun yi shekaru suna ba da kyauta ga sabon mai fasaha, kuma kai tsaye mutum yake nema. Etinosa Yvonne, mai ɗaukar hoto, ta ci a 2019, kyautar ta haɗa da zaman aiki a cibiyar Gasworks ta Landan. Galarin Rele yana da shirin horar da matasa da yake yi tun 2016. Sannan a Maris na 2024 an fara wata kasuwa mai suna +234 a ginin Ecobank na Victoria Island, wadda aka kafa musamman don masu zanen da ba su da galari. Wannan ta fi kusa da matakin da kake kai yanzu. A Inugu kuma akwai gasar Life In My City da ake yi wa matasa tun 2007. Ka riƙa bibiyar shafukansu don sanarwar kowace shekara, domin sharuɗɗa suna canzawa.

Duk waɗannan, da Dak'Art ɗin kansa, abu ɗaya za su fara tambayarka: kundin ayyuka. Allo biyu da yadi uku ba za su isa ba. Ka yi ayyuka goma zuwa goma sha biyar masu magana ɗaya, waɗanda duk wanda ya gani zai san hannu ɗaya ne ya yi su. Ka ɗauki hotonsu da safe a inuwa, a jikin bango mai launi ɗaya, ba walƙiyar waya, ba akuya ko bokiti a gefe. Kowanne ka rubuta sunansa, da shekarar da ka yi shi, da tsawo da faɗi a santimita, da kayan da ka yi amfani da su: baba, tawadar zuge, ƙaro, itacen da aka sassaƙa allon. Ka rubuta rabin shafi kan abin da kake yi da dalilinsa, da Hausa tukuna yadda yake a zuciyarka, sannan ka nemi wanda zai mayar maka da shi Turanci, in Dakar ce har da Faransanci. Idan ka samu hali ka leƙa sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ka nuna wa malaman can su faɗa maka gaskiya kafin baƙo ya faɗa maka.

Ka kuma yi hattara da masu aiko saƙo a Instagram ko WhatsApp suna cewa an zaɓe ka zuwa wani nuni a Turai, ka turo kuɗin rajista da dala. Galari na gaskiya daga cinikin aikinka yake cin nasa, ba ya karɓar kuɗi a hannunka don ya wakilce ka. Ranar da wani gida ya karɓi aikinka, kada ka bar ko allo ɗaya a hannunsu sai da takarda mai sa hannu: ayyuka nawa ne, nawa za a sayar da kowanne, kason kowa, kwana nawa bayan ciniki za a biya ka, wa zai biya dakon dawowa idan ba a sayar ba. Idan kuma aikin zai ƙetare iyaka, a nemi takardar izini daga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da ofis a Gidan Makama, don allo mai kama da tsohon kaya jami'an kwastan na iya riƙe shi a filin jirgi a matsayin kayan tarihi.