Fijo 504, Marsandi ko Kunkuru: Wacce Za Ka Saya a Kaduna?

Duk wanda sha'awar tsohuwar mota ta kama a garin nan, a kan guda uku yake kai-kawo: Fijo 504, Marsandi W123 wadda aka fi sani da 200 ko 230, sai Volkswagen ɗin nan da muke kira kunkuru. Ni dai Fijo nake nuna wa mai farawa.

504 'yar gida ce. A Faransa ta fara fita a 1968, amma tun 1975 kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya soma haɗa motoci a unguwar Kakuri da ke Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa ta a nan shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Shi ya sa har gobe akwai dattawan kanikawa da suka tashi a kanta, da jin ƙarar injin za su ce maka kafireto ne ko fulogi. Kayan gyara kuwa, idan ka yi haƙurin zaga kasuwar Panteka, da wuya ka dawo hannu rabbana. Ga ta da tsayi daga ƙasa, ramuka ba sa damunta.

Sai dai wannan juriyar ce ta sa da yawansu suka ƙare a haya, suna lodi daga Kawo zuwa Zariya da Kano. Don haka kada sheƙin fenti ya ruɗe ka. Ka ɗaga kafet ka duba ƙasa, ka leƙa cikin but da gindin ƙofofi. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu: duk inda ya ƙi kama jikin motar, fila, wato ƙullin da masu gyaran bodi ke cike rami da shi, aka cusa aka rufe tsatsa. Inji ana tayar da shi, amma bodin da ya ruɓe kuɗinka kawai zai yi ta ci.

Marsandi W123, wadda ta shigo kasuwa a 1976, ta fi Fijo nauyi da kwarjini. Rufe ƙofarta kaɗai ya isa ka san an kashe ƙarfe. Amma kayanta na asali da tsada, kuma mai ƙirar 230E tana buƙatar bakaniken da ya san injekta, na'urar da ke fesa wa inji mai a madadin kafireto, ba kowa ba. Idan aljihunka ya ɗauka, ba za ka yi da-na-sani ba. Kunkuru kuwa, da aka riƙa haɗawa a Legas, injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Motar fita ranar Asabar ce, ba ta zirga-zirgar kullum a zafin Afrilu ba.

Inda masoya suka fi rabuwa shi ne batun sauye-sauye. Matasa na son manyan rim, da sauke mota ƙasa, da salansa mai ƙara. Wallahi raina yana ɓaci in na ga an sauke 504, domin an kashe ainihin abin da ya sa ta yi suna. Abin da na yarda da shi: a sabunta burki, a sake wayoyin wuta gaba ɗaya, a wanke lagireto, a sa bel mai kyau.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wasu ke ɗora injin Toyota ko su mayar da motar ta gas. Ban ga laifinsu ba, amma tukunyar gas tana cinye rabin but, kuma motar da aka sauya wa inji darajarta tana faɗuwa a wurin masu tara tsofaffi. Idan ka sauya, ka adana tsohon injin. Idan kuma wadda aka riga aka sauya za ka saya, ka gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke cikin takardu kafin ka biya.