An cire mini tsiron wuya da na'urar lantarki a wurin likitar iyali

Masu fama da ƙananan tsiron nan na wuya da hammata, waɗanda sarƙa ko bakin riga ke kamawa har su yi jini, ku sani ba sai an shiga ɗakin tiyata ba. Likitar iyalinmu ta cire mini nawa a ɗakin da take duba marasa lafiya, kuma na gamsu da aikin.

Na'urar ƙaramin akwati ce mai sanda kamar biro, da siririn ƙarfe a tsininta. Lantarkinta yana kai da komo sau dubu ɗari da ɗoriya a daƙiƙa guda, ba sau 50 irin na soket ɗin gida ba, shi ya sa ba ya jan mutum. Zafi kawai yake tarawa a inda tsinin ya taɓa, ya busar da tsiron, ya tsayar da jini. Ba sabon abu ba ne, tun 1926 wani likita mai suna Harvey Cushing ya yi tiyata a Amurka da irin wannan na'ura, wadda masanin kimiyya William Bovie ya ƙera.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne tambayoyinta kafin ta kunna. "Hajiya, an taɓa sa miki na'urar daidaita bugun zuciya? In kin ji ciwo, tabon yana tasowa ya kumbura?" Har kunnena ta duba, inda aka yi mini huji, don baƙar fata ta fi saurin yin irin wannan tabo. Da ta goge wurin da sifirit sai ta dakata ya bushe sarai, domin tartsatsi kan kama shi da wuta.

Akwai wata tawadar Allah a kafaɗata da ta soma canza launi, na roƙe ta ta haɗa da ita. Ta ƙi. Ta ce irin wannan yankowa ake yi a aika ɗakin gwaji, in an ƙone ta babu abin da za a duba. A nan ta ƙara girma a idona.

Allurar kashe zafin tana da ɗan raɗaɗi, ƙaurin ƙonar kuma ba daɗi. Ita ma takunkumi ta sa saboda hayaƙin. Wurin ya yi ɓawo, na riƙa shafa man basilin ban ɓanɓare ba, har ya faɗi da kansa. Gurbin babban tsiron har yanzu ya ɗan fi sauran fatar duhu, ta ce yakan ɗauki watanni kafin ya saje.